Abe na Oddworld: Jarumin da bai farka ba sai da wuƙa ta iso wuyansa

A shekarar 1997, lokacin da jaruman wasannin bidiyo ke ta ƙara ƙwanji da manyan bindigogi, wani ƙaramin kamfani a jihar Kaliforniya ta Amurka ya fito da wasan da jaruminsa lebura ne mai goge daɓe. Siriri ne, jikinsa shuɗi-shuɗi, idanu ƙwala-ƙwala, leɓɓansa a ɗinke da zare. Ba ya saɓa bindiga, kuma harsashi ɗaya ya isa ya aika shi barzahu.

Sunansa Abe. Sunan wasan kuma Oddworld: Abe's Oddysee, wanda kamfanin Oddworld Inhabitants ya ƙirƙira, aka fara sake shi a na'urar PlayStation da kwamfuta. Lorne Lanning da Sherry McKenna ne suka kafa kamfanin a 1994, dukansu kuma daga harkar haɗa hotunan kwamfuta na fina-finai da tallace-tallace suka fito. Lanning ɗin ne ma ya ba Abe muryarsa.

A fuska, irin wasan nan ne na gudu da tsalle da hawa dandamali, inda ake kallon jarumi daga gefe yana ratsa ɗaki bayan ɗaki, a wata ƙagaggiyar duniya mai injina da baƙin halittu. Irinsa suna da yawa. Amma cikin dukkan wasannin wannan rukuni da wuya a samu wanda labarinsa ya juyo ya tuhumi mai wasan kansa kamar wannan. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi abu biyu ne, wato halin da aka ba Abe da kuma lissafin da ake yi masa a ƙarshe. Wasan ya haura shekara 25, saboda haka za a faɗi yadda ya ƙare a nan ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Daren da Abe ya leƙa ƙofa

Abe ɗan ƙabilar Mudokon ne, kuma bawa ne a RuptureFarms, masana'antar sarrafa nama mafi girma a duniyar Oddworld. Masu wurin 'yan Glukkon ne, attajirai masu kwat da ƙatuwar taba a baki, shugabansu kuma Molluck.

Labarin ya fara ne da Abe a ɗaure cikin kurkuku yana ba da labarin yadda ya tsinci kansa a wurin. Wani dare aiki ya tsare shi har dare ya yi, yana tura injin goge daɓe, yana wuce allunan tallan kayan kamfanin. Ga Paramite Pies, ga Scrab Cakes, ga kuma Meech Munchies da aka daina yi domin an yanka dabbar Meech har ta ƙare a doron ƙasa. Sai ya iso ƙofar ɗakin taron manya, ya leƙa.

Abin da ya gani shi ne Molluck na nuna wa abokansa yadda riba ke faɗuwa, tunda sauran dabbobin ma sun kama hanyar ƙarewa. Mafitar da ya kawo ita ce sabon kaya mai suna Mudokon Pops. Naman da za a yi shi da shi kuwa na ma'aikatan ne. A bugun farko hoton tallan kan ɗan Mudokon ne a soke a tsinke, kafin daga baya a sassauta hoton a bugun Japan da wasannin da suka biyo baya.

Abe ya ranta a na kare.

A nan ne ya kamata mai kallo ya dakata, domin mutane da yawa da ke yabon wasan suna tsallake wani abu. Abe ba ɗan gwagwarmaya ba ne da ke jiran damar tawaye. Shi ne gwarzon ma'aikaci na shekara a wannan mayanka. Yadda yake kallon allunan tallan yana haɗiyar yawu ya nuna shi ma yana jin daɗin kayan. Ya san an ƙarar da Meech, kuma abin da ya dame shi kawai shi ne an rasa wani abin marmari. Daga baya labarin zai bayyana cewa Scrab da Paramite dabbobi ne da kakanninsa ke girmamawa ƙwarai, shi kuwa bai ma sani ba, goge jininsu yake yi a daɓe yana karɓar lambar yabo.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Gemu nawa ne suka ƙone a gaban Abe bai motsa ba. Sai da ya ga kan irinsa a tsinke tukuna.

Wannan shi ne zaɓi mafi kyau da marubutan suka yi, kuma shi ne mafi haɗari. Da sun ga dama da sun ba mai wasa jarumi mai tsabtar zuciya tun fil azal, wanda ake so ba tare da wani nauyi ba. Maimakon haka sai suka ba shi wanda ya yi kama da yawancin mutane, mai yin aikinsa, mai kau da kai, wanda ba mugu ba ne amma cin abincinsa na cikin muguntar. Gudun farko da Abe ya yi gudun ceton rai ne kawai. Ko zai zama wani abu fiye da haka, an bar wa mai riƙe da madannai.

Mutum 99

A cikin wasan akwai 'yan Mudokon 99 da ke bauta, yawancinsu a durƙushe suna goge ƙasa, wasu dogarai na dukansu. A bangon masana'antar akwai alluna masu haske da ke nuna adadin ma'aikata, da waɗanda suka tsere, da waɗanda suka mutu. Tun a sashen farko wani allo na gargaɗin cewa idan Abe ya tsere, ma'aikata 28 da ke wannan sashe za su mutu.

Babu abin da ya tilasta wa mai wasa ya ceci kowa. Ƙofa a buɗe take, yana iya wucewa.

Ceton kuwa wahala ne. Abe ba shi da ƙarfin ɗaukar kowa, sai dai ya yi magana. Masu wasan sun ƙirƙiro wani tsari da suka kira GameSpeak, inda kowane maɓalli ke da kalmarsa. Abe zai gaishe da ma'aikaci, ma'aikacin ya amsa, sannan ya ce masa ya biyo shi, ko ya tsaya ya jira. Yana iya yin fito, yana iya dariya, yana ma iya yin tusa, wanda a wasu wurare yake cikin kalmar sirrin da ake buɗe hanya da ita. Yara sun fi tuna wannan ɓangare, ba kuma laifinsu ba ne.

A wasan farko mutum ɗaya tak Abe ke iya ja a lokaci guda. Zai lallaɓa da shi ta ƙarƙashin injin sara, ya tsallakar da shi nakiya, ya kauce wa shingen lantarki, har su isa inda wasu tsuntsaye ke shawagi a da'ira. Nan sai Abe ya yi surkullensa, tsuntsayen su zama ƙofa, ma'aikacin ya yi tsalle ya faɗa ya tsira. Sannan a koma a ɗauko na gaba. Su kuma ma'aikatan ba su da wayo ko kaɗan, in aka ce su biyo za su biyo ko da cikin bakin inji ne. Kuskuren daƙiƙa ɗaya, sai allo ya ƙara ɗaya a layin matattu.

Wani zai ce wannan ai tsarin wasa ne, ina ruwansa da labari. Amma a nan labarin yake. Fina-finai na iya nuna jarumi ya ceci jama'a cikin minti biyu da kiɗa mai tsuma jiki. Wannan wasan yana sa mai wasa ya ji a yatsunsa cewa ceton mutum ɗaya na cin lokaci, yana jawo mutuwa sau goma, kuma galibi ba ya ƙara wa Abe ƙarfi ko makami. Yawanci ribar kawai ita ce lamba ɗaya ta sauya a allo. Duk wanda ya taɓa gajiya ya ce wa ransa bari a bar wannan ɗayan, ya fahimci abin da wasan ke nufi fiye da wanda ya karanta sharhi goma a kansa.

Dogarai masu aron ƙafa

Miyagun labarin ma an yi musu gini mai hikima, kuma a jikinsu aka rubuta halinsu.

Dogaran masana'antar su ne 'yan Slig. Suna yawo da bindiga mai sarrafa kanta, suna dukan bayi don nishaɗi, suna barci a bakin aiki. Amma ƙafafun da suke tafiya da su na ƙarfe ne, kamfani ne ya ba su. In babu su, Slig jan ciki yake yi da hannu. Wato mai gadin da ke tsare bawa shi ma a hannun maigida tafiyarsa take. Ba a buƙatar wani ya tsaya ya yi jawabi a kan haka, kallo ɗaya ya wadatar.

Abe na iya shiga jikin Slig da surkullensa ya juya shi yadda yake so. Sai mai wasa ya samu kansa riƙe da bindigar da ta daɗe tana kashe shi. Yana iya harbe sauran dogarai, yana iya kiran Slog, karnukan nan masu ƙafa biyu da ƙaton baki, yana kuma iya daka wa ma'aikata tsawa su sunkuya kafin ya buɗe wuta. In ya manta bai yi tsawar ba, 'yan'uwan Abe ne za su zube. Idan an gama da Slig ɗin kuwa, tarwatsewa yake yi. Wasan na gabatar da wannan a matsayin abin dariya, kuma a nan akwai ɗan gurgunta a tunaninsa, domin ya nuna cewa Slig ma bawan ciki ne amma bai taɓa sa ransa a lissafi ba.

Su kuma 'yan Glukkon, doguwar kwat ɗinsu ta rufe su daga wuya zuwa ƙasa, ba a ganin hannu. Ba sa taɓa komai da kansu, ko maɓalli sai wani ya danna musu. Sai a ƙarshen labarin ake gane dalili: da hannuwa suke tafiya a cikin kwat ɗin, ƙafafunsu kuwa 'yan mitsi-mitsi ne da suka shanye suna reto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai wannan gardin ko sandar ma ba ya iya riƙewa.

Tsakiyar wasan tana wajen masana'anta. Bayan Abe ya tsallake garken dabbobi ya fita, sai ya ɗaga kai ya ga wata mai tambarin tafin hannu irin nasa, yana cikin kallo ya rufta daga kan dutse. Wani boka na ƙabilarsu mai suna Big Face ya tashe shi, ya tura shi ya yi gwaji biyu, ɗaya a dajin Paramonia ɗaya a hamadar Scrabania. A can ne yake haɗuwa da dabbobin nan da ransu. Paramite ɗaya tsoro yake ji sai in an ƙure shi, amma in suka taru sai su far wa mutum. Scrab kuwa ba ya jure ganin ɗan'uwansa, da sun haɗu sai faɗa har ɗaya ya mutu. Akwai kuma Elum, dabbar hawansa, mai taurin kai da ke mance komai in ya ga zuma. Bayan gwajin ana yi wa Abe tambari a hannuwa biyu, wanda ke ba shi ikon rikiɗa zuwa Shrykull, halitta mai watsa tartsatsin wuta.

Wannan sashe yana da kyan gani, amma shi ne mafi rauni a labarin. Da zarar an shigo da zancen wanda aka yi alkawarin zuwansa, da tambarinsa a jikin wata, sai a rage wa Abe abin da ya sa ya burge tun farko. Lebura da ya zaɓi ya koma don 'yan'uwansa ya fi wanda ƙaddara ta rubuta masa komawar daraja. Haka kuma yadda aka zana 'yan Mudokon na daji, da fenti a jiki da bokaye da surkulle, bai wuce tsohon hoton nan da fina-finan Amurka suka saba yi wa ƙabilun asali ba, inda ake tara al'adu daban-daban a tukunya ɗaya. Su ma bayin 99 babu mai suna a cikinsu, babu mai labarin kansa. Wasan da ke sukar mayar da mutane lamba, shi ma da lamba ya san su.

Ranar hisabi

Duk da haka ƙarshen ya biya bashin.

Abe ya koma RuptureFarms, ya bi sashe-sashe yana kashe injina, ya dira ɗakin taron ya hallaka manyan daraktoci da ikon Shrykull. Sai dogarai suka buge shi suka kama. Labarin ya dawo inda ya fara: Abe a rataye, a ƙarƙashinsa injin niƙa nama, Molluck na tsaye, wani Slig na jiran umarni.

A wannan lokaci mai wasa ba shi da sauran abin dannawa. Hoton ya koma kan 'yan Mudokon da suka taru suna shawarar ko za su cece shi.

Idan an kuɓutar da aƙalla 50 cikin 99, sai su haɗa murya su yi surkulle, tsawa ta faɗo wa Slig ɗin da Molluck, Big Face ya ɗauke Abe zuwa gaban taron jama'a masu murna. Idan ba a kai 50 ba, sai su tuna yadda ya bar su ko ya kashe su, su ƙi motsawa. A saki Abe cikin injin.

Babu wani babban dodo da za a yi wa dukan ƙarshe. Duk gwanintar tsalle da mai wasa ya nuna, da gwajin daji da na hamada, da tambarin hannu, babu wanda ya shiga ma'auni. Waɗanda suka fi kowa rauni a wasan, masu goge daɓen da ake wucewa a guje, su ne alƙalai.

Akwai masu ganin wannan rashin adalci ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasan na da tsananin wuya. Bugun farko ba ya barin a adana wasa a duk inda aka ga dama, sai a koma baya mai nisa bayan kowace mutuwa. Da yawa daga cikin bayin a ɓoye suke a ɗakunan sirri. Kuma wasan bai zaunar da mai wasa ya bayyana masa cewa wannan lissafi ne zai yanke makomar Abe ba. Mutum ya kwashe kwanaki yana fama, a ƙarshe a niƙe masa jarumi a gaban idonsa, dole ya ji haushi.

Ƙorafin wahalar gaskiya ne, har masu wasan sun amince da shi a aikace, tunda a wasa na biyu sun kawo damar adanawa a kowane lokaci. Amma ƙorafin rashin gargaɗi bai tsaya da ƙafarsa ba. Allunan na nan a bango tun daga farko, suna ƙirga rayuka. Da an rubuta ƙarara cewa ceton 50 ne kuɗin kyakkyawan ƙarshe, da ceton ya zama ciniki, kowa ya tara 50 ɗinsa ya wuce. Rashin faɗar ne ya sa sakamakon ya zama shaida a kan abin da mai wasa ya yi lokacin da yake zaton babu mai kallo. Kuma ba a nemi kamala ba. Rabi da ɗan ɗoriya kawai aka nema.

Abin da ya biyo baya

An tsara Oddworld a matsayin labari mai kashi biyar, ba a kuma kammala ba har yau. Abe's Exoddus ya fito a 1998 da bayi 300, kuma a wasu fuskoki ya fi na farko zurfi. A nan 'yan Glukkon na haƙo ƙasusuwan kakannin Mudokon a maƙabartar Necrum, da hannun bayin da aka ɗinke wa idanu don kada su san abin da suke tonowa. Ana haɗa ƙashin da hawayen bayi a yi wani abin sha mai sa jaraba, SoulStorm Brew, a kuma ɗora su a kansa. An kuma ba ma'aikatan yanayin rai: wani a fusace, wani cikin baƙin ciki, wani ya sha iskar dariya ya fita hayyacinsa. Abe na iya dafa kafaɗar mutum ya ba shi haƙuri kafin ya yarda ya bi shi. Ƙaramin maɓalli ne, amma ya gyara wani ɓangare na laifin wasan farko na mayar da su gumaka.

Munch's Oddysee ya zo a 2001, Stranger's Wrath a 2005. A 2014 aka sake gina wasan farko daga tushe da sunan New 'n' Tasty, aka ƙara yawan bayin zuwa 299, daga baya kuma aka sake shi a wayoyin Android da iPhone, saboda haka shi ne hanya mafi sauƙi ga mai son ganin labarin a yau. Soulstorm na 2021 ya sake ba da labarin Exoddus da hotuna masu ban mamaki, ya kuma ba Abe jaka da damar haɗa makamai daga tarkacen da ya tsinta. An fahimci dalilin, ana son a nuna yana girma zuwa jagora. Sai dai duk abin da aka ƙara wa hannun Abe, an ɗan rage wa bakinsa, alhali ɗinkakken bakin nan da kalmominsa 'yan kaɗan su ne suka bambanta shi da sauran jarumai.

Wanda ya samu bugun 1997 ya kunna, ya lura da ɗakin farko, inda Abe ke tsaye kafin a taka ko'ina. Akwai wata ganga a gaba-gaba. A bayanta akwai hanyar da ke sauka ƙasa zuwa ɗakin sirri, inda wasu ma'aikata ke durƙushe suna goge daɓe. Mai wasa na farko bai san ma ana iya sauka ba, ga kuma allo na cewa ana neman Abe ruwa a jallo, saboda haka yawanci dama yake yi da gudu.